Hular Mai Fitilar Jirgi

Ina da wani ɗan hali da gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: idan mutum yana ba da labari, ni ba sauraro nake ba, jira nake ya tsaya shan numfashi in karɓe. Matata Mubina ta ce ko liman ne yake huɗuba, tana hango leɓena yana motsi daga sahun mata. Wannan kam ta ƙara gishiri, domin akwai labule a tsakani.

Sunana Sale, mutumin Gusau ne ni, amma Greensboro, a nan Amurka, ta cinye fiye da rabin rayuwata. Da rana ina aiki a wani sito na kujeru da gadaje a bayan titin Wendover, ina gaya wa direbobi inda za su kai kaya, su kuma su kai inda suka ga dama. A ƙarshen mako kuwa ni ne mai riƙe makirufo. Suna, ɗaurin aure, walimar gama karatu, liyafar Sallah, in dai Hausawan garin nan sun kama zaure, da 'yan Najeriya da 'yan Gana da 'yan Nijar, ni ake miƙa wa. Ba wanda ya zaɓe ni. Wata rana ce na ɗauka, ba a kuma samu wanda ya iya ƙwacewa ba.

Mubina tana koya wa sababbin zuwa Turanci a wani ɗaki da ke ƙarƙashin coci a gabashin gari. Mace ce mai haƙuri, sai dai ta daɗe da daina yi wa barkwancina dariya. Ba faɗa muka yi ba. Ta ji su duka ne, wasu tun ina zuwa zance gidansu, har ta kai idan ina kan dandamali na ɗauko labarin akuyar da ta shiga motar ciyaman, nakan hango ta a teburin baya tana faɗin ƙarshen a hankali tare da ni, hannunta yana naɗe adiko. Na saba da hakan. Na ɗauka dariya ce ta ƙare mata, kamar yadda gashi yake ƙare wa wasu.

Ana nan sai maganar fim ta taso. Malika, 'yar Hajiya Safura, tana aiki a wani tsohon gidan silima a tsakiyar gari, irin wanda kujerunsa ke kuka idan an zauna. A ƙasar nan aka haife ta. Gaisuwa da Hausa take yi, abin da ya biyo baya kuma sai yadda hali ya yi. Ta zo taron ƙungiyarmu ta ce wasu magada suna kwashe kayan wani gida a unguwar Sedgefield suka tarar da gwangwanaye a saman silin, a ciki akwai fim ɗin da ya doshi shekara ɗari. An wanke shi, an gyara abin da zai gyaru. Fim ne na zamanin da ba a iya sa murya ba: mutane su yi ta motsa baki, sai allo ya yi baƙi a rubuta abin da suka ce da farin Turanci, a bar rubutun ya daɗe saboda masu karatu a hankali, sannan hoto ya dawo. Wani kuma yana gefe yana kaɗa fiyano. Ta ce tana so a ware Lahadi guda domin mutanenmu, a sa wani ya tsaya kusa da allo yana ba da labarin da Hausa, don irin su mamanta su ji daɗi.

Na riga na gyara murya. Har na fara ɗaga hannu irin na mai cewa ba komai, zan duba ko ina da lokaci, sai na ji ta ce ta yi magana da Ankul Abass, ya kuma amince.

Abass direban babbar mota ne, ɗan zangon Kumasi, bai daɗe da dawowa nan daga New York ba. Gajere ne mai sanƙo, irin mutanen da a taro suke zama kusa da ƙofa su taya kwashe kujeru. Hausarsa ta Gana ce, kuma ban taɓa barin ya gama jimla ba tare da na yi ɗan tari ba. Ashe yana yaro ya yi aiki da wani mai gidan bidiyo a Kumasi. Da rana ya ɗauki allon talla da aka zana a jikin buhun fulawa, ya zaga unguwa yana kaɗa ƙararrawa. Da yamma ya tsaya gefen talabijin yana fassara wa mutane finafinan Caina da na Indiya, alhali ba ya jin ko ɗaya daga cikin yarukan. Ya faɗi wannan yana sosa sanƙo, kamar abin kunya ne. Mutane suka yi dariya. Na waiwaya na ga Mubina ba ta yi ba, hankalina ya ɗan kwanta.

Ni kuma aka ba ni talla. Malika ta ce ba gidan da ba a san muryata ba. Ta nuna mana hoton yadda aka tallata fim ɗin a wancan zamani: an sa wa wani mutum hular ma'aikatan reluwe, an ba shi fitila, yana yawo a titi da allo a ƙirji da baya. Har hular ta samo min, baƙa, mai baki a gaba. Na karɓa da hannu biyu, na sunkuyar da kai, kamar mai karɓar ta'aziyya.

Wata Asabar da rana aka yi gwaji. Mu kaɗan ne: Malika, Abass, wani dattijo mai suna Malachy da zai kaɗa fiyano, sai ni da Mubina, wadda ta biyo ni don daga nan za mu wuce kasuwar 'yan Afirka sayen manja. Aka kashe fitilu.

Labarin wani mutum ne mai tsaron mahaɗar titin jirgin ƙasa a wani ƙauye. Aikinsa idan jirgi na tafe ya fito da fitila ya tsayar da masu keken doki. Dogo ne, ba ya dariya, hularsa ba ta barin kansa ko a wurin cin abinci. Yana da mata wadda ke yini tana kallon titin jirgi ta taga. Sai ga wani mai tallar keken ɗinki ya sauka daga jirgi, da malafa da gashin baki mai lanƙwasa, ya kama hayar ɗaki a gidan.

Da farko Abass ya yi ta in-ina, na gyara zama na miƙe ƙafa. Sai mai malafa ya ɗaga wa matar malafarsa, rubutu ya fito, barka da safiya ce kawai. Abass ya ƙanƙance murya ya ce, "Hajiya, keken nan ko ba ki da zare, ki taka kawai. Maƙwabta su ji ƙara, su san kin fi su." Hoto ya koma kan mai gida yana kallon baƙon daga sama har ƙasa. Abass ya sauke murya ya ce, "Mai gida yana awo. Yana duba ko mutumin nan zai shiga rijiyar bayan gida a tsaye, ko sai an lanƙwasa."

A nan na ji ta. Dariyar Mubina ta gaske tana farawa ne ta hanci, sai ta dafe ƙirji, ta ƙare da kiran sunan Allah a hankali kamar mai neman gafara. Rabona da jin ta tun 'yarmu Rumasa'u tana rarrafe, ga Rumasa'u yanzu tana Charlotte da nata ɗan. A allo matar mai fitila ta karkatar da kai tana dariya babu sauti, a gefena kuma sautin yana fitowa. Ashe dariyar ba ƙarewa ta yi ba. Tana nan, ajiye ta aka yi.

Na daure har wurin da mai malafa yake koya wa matar taka keke, ƙafarsa kusa da tata, mai gida yana leƙe ta taga da fitilarsa da rana tsaka. Daga nan na zaro waya na kara a kunne, na ce daga wurin aiki ne, na fita. Na zauna a mota ina kallon wani kurege yana cin guntun biredi. Ba a jima ba Mubina ta fito, ta ce kada a rufe kasuwa. Tana ta share ido da bakin mayafi. Kafin mu kai ta maimaita maganar rijiya, ta sake maimaitawa, ta ce Abass ba shi da dama. Na ce e, yana ƙoƙari, in aka yi la'akari.

Ranar Litinin a lokacin hutun cin abinci na shiga mota na rufe gilashi, na yi talla ta saƙon murya. Dabarata mai sauƙi ce. Labarin da aka san ƙarshensa ba wanda zai bar gidansa ranar Lahadi ya je a ba shi. Saboda haka na ba da labarin duka, tun daga saukar mai malafa, da muryar da nake ajiyewa don manyan bukukuwa. Ban ga ƙarshen fim ɗin ba, amma ban ga dalilin sai na gani ba, domin irin wannan labari hanya ɗaya gare shi. Na ce a ƙarshe asirin mai gashin baki zai tonu, a gane ɓarawo ne, a kore shi daga gari a jirgin safe yana rungume da jakarsa, matar kuma ta dawo gefen mijinta, mutumin kirki wanda bai iya surutu ba amma ya iya riƙe gida. Na ji wannan wurin ya yi min daɗi, na sake faɗa da wasu kalmomin. Sannan na faɗi rana da lokaci da sauri-sauri, na tura wa duk wani guruf na wasap da nake ciki.

Kuskurena shi ne na manta da mutanena. Na daɗe a ƙasar da idan ka gaya wa mutum ƙarshen fim sai ya daina gaishe ka, har na manta uwata, Allah ya ji ƙanta, ba ta yarda ta zauna kallo sai an fara gaya mata wanda zai mutu, don ta san wanda za ta ƙi sa wa rai. Kafin la'asar Hajiya Safura ta kira ni.

"Sale, da gaske ana cin mutuncin mai gashin bakin nan a ƙarshe?"

Na ce ƙwarai, Hajiya.

"A gaban jama'a?"

Na ce a tasha ma.

"To, a ajiye min kujera a gaba. Ina so in ga fuskarsa."

Saƙon ya yi ta yawo. Aka turo min shi daga Raleigh, wani ma ya turo min daga Kumasi yana tambaya ko na san mai maganar. Mata suka fara rabuwa gida biyu a kan ko matar mai fitila tana da laifi, maza kuma duk suka goyi bayan mai hula, kowa da dalilinsa da bai faɗa ba. Malika ta kira ni tana ta murna da Turanci, ta ce tikiti ya ƙare, an buɗe kujerun bene. Ba ta saurari saƙon har ƙarshe ba; Hausata idan ta yi zurfi takan bar ta a baya. Da na ga abin ya zama nawa, ranar Juma'a na sa hular na tsaya a filin ajiye motoci na masallaci da fitila a hannu, yara suna ɗaukar hotona.

A nan Abass ya same ni. Ya gaishe ni da hannu biyu, ya ce ya ji talla, ko a Kumasi bai taɓa jin irinta ba. Sai ya ce, "Malam Sale, ka kalli fim ɗin har ƙarshe kuwa?"

Na ce masa wanda ya daɗe a sana'a ba sai ya ga ƙarshe ba.

Ya kalli hular, ya kalle ni, ya ce to, Allah ya kai mu Lahadi. Na ɗauka hassada ce, na kuma ji tausayinsa kaɗan.

Lahadi bayan azahar zaure ya cika har bene. An rubuta a ƙofa ba a shiga da abinci, amma ƙamshin wake da shinkafa da shito, yajin nan na Gana, ya riga kowa zama. Matan Gana sun shigo da kuloli a ƙarƙashin mayafi kamar masu goyon gaba. Na zauna a tsakiya, Mubina a damana, hular a kaina. Abass ya fito da farar riga da wata ƙaramar ƙararrawa ta tagulla, ya ce ita ce ta Kumasi. Na san ba ita ba ce, na taɓa ganin irinta a kanti a Wendover, amma na yi shiru, domin ni mutum ne mai kawaici.

Mai malafa yana sa ƙafa a ƙasa daga jirgi zaure ya ɗauka. Wata daga bene ta ce ga shi nan, munafuki. Hajiya Safura ta nuna allo da sandarta ta ce ya ci gaba da murmushi, akwai jirgin safe. Abass bai yi faɗa da su ba, ya riƙa jefa musu magana suna cafewa. Maganar rijiya ta zo, zaure ya kwanta, Mubina ta dafe ƙirji kamar ba ta taɓa ji ba. Nawa labaran idan ta ji sau biyu sai ta haddace. Na riƙa kallon gefen fuskarta a hasken allo, ina cewa a raina ba komai, ƙarshen nawa ne.

Faifan ƙarshe shi ne wanda ya fi shan wahala a saman silin. Hoton ya fara yin dabbare-dabbare, fuskokin mutane suka zama farin tabo kamar an ɗiga musu kunu, sai da hula kawai ake gane waye wane. Malika ta riga ta yi gargaɗi a kan haka. Abin da ba wanda ya yi min gargaɗi a kai shi ne labarin.

Mai hula ya ajiye fitilarsa a ƙasa, ya bar mahaɗa, ya laɓe bayan taga yana leƙen matarsa. Can ga jirgi tafe, ga wani keken doki cike da yara ya nufo titin. Matar ce ta hango. Ta fito da gudu, ta suri fitila, mai malafa ya bi ta ya kama linzamin doki. Jirgi ya wuce, yara suka tsira. Mai hula yana tsaye a jikin bango, hannu ba komai. Abass ya bi wannan wurin da sauri, ya ce mutane suna gudu, doki yana haniniya, Allah ya kiyaye, bai tsaya bayanin wa ya yi me ba. Na ji gumi yana bin bakin hular.

Gari ya waye a allo. Wani mutum ya fito daga gidan da jaka a hannu, ya nufi tasha, bai waiwaya ba. Fuskarsa farin tabo ce, amma a kansa akwai baƙar hula mai baki a gaba, irin wadda ke kaina. A ƙofar gida matar tana tsaye da fitila, a gefenta akwai mutum da malafa. Allo ya yi baƙi, rubutu ya fito. Rubutun ya ce mai tsaron mahaɗa ya bar garin a jirgin safe, bai sake dawowa ba, kishinsa ya raba shi da aikinsa da gidansa.

Na fara duba inda ƙofar fita take. A lokacin ne Abass ya ɗaga ƙararrawa ya kaɗa da ƙarfi, ya tako gaban dandamali ya buɗe hannuwa, na ga kawuna sun juya wajensa.

"Jama'a, kun ga ƙarshen rashin kunya," in ji shi. "An kori ɓarawo. Amma ɓarawo ba ya fita hannu banza. Ku duba kansa. Har hular mai gida ya sace."

Sai Hajiya Safura ta buga sanda a ƙasa ta ce ai ta faɗa, tun saukarsa ta ga idonsa a kan hular nan. Zaure ya fashe. Hoto ya dawo kan ƙofar gida, Abass ya nuna mai malafa ya ce, "Ga mai gida nan gefen iyalinsa. Ya tashi da safe bai ga hula ba, ya ce to, shi ma ba zai tsaya kai a buɗe ba, ya ɗauki malafar ɓarawo. An yi canjaras." Malachy, wanda ba ya jin ko sannu, yana ta kaɗa wani sauti mai sanyi irin na jana'iza, yana ɗago kai yana mamakin mutanen da suke tafi. Abass ya nuna shi ya ce kukan ɓarawo ne ake kaɗa mana, kada kowa ya ji tausayi.

Da aka kunna fitilu mutane suka yi ta kama hannuna. Wani ya ce Malam Sale, yadda ka faɗa haka aka yi, ko wasali bai canza ba. Wani ya ce in riƙe hulata da kyau, gari ba lafiya. Suna faɗa suna dariya, ni ma ina tayawa. Na lura wasu suna daɗewa riƙe da hannuna fiye da yadda aka saba, na ɗauka girmamawa ce. Malika ta wuce ta gefena ta buɗe baki za ta yi magana, uwarta ta ja ta ta ce ta zo ta riƙe mata jaka.

Abass na can yana taya naɗe wayoyin lasifika. Na je na tsaya a kansa. Na san abin da ya kamata in ce, kalma biyu ce, yara ma sun iya ta. Ya ɗago ya yi murmushi, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Hular ta yi mana aiki, Malam."

Na ce masa Hausarsa ta ɗan fara gyaruwa.

Ya ce ya gode, a wurina yake koyo. Kuma da gaske yake. Abin da ya fi ci min rai ke nan. Da mai ban dariya ne kawai, da na san yadda zan yi da shi. Zan jira ya tsufa, labaransa su ƙare, matarsa ta fara naɗe adiko. Amma mutum ya ƙwace maka makirufo, ya sa matarka dariya, sannan ya rufa maka asiri a gaban jama'a bai nemi ko godiya ba, wannan ba a san ta inda za a kama shi ba. Abu ɗaya ya rage min, na kuma riƙe shi da kyau: daga ni sai shi sai Malika muka san abin da ya faru. A idon Mubina, mijinta ya faɗi ƙarshen fim, fim kuma ya bi.

Ita ta ja mota, don ta ce idona ya yi ja. Muka hau Wendover, motoci sun yi layi kamar kullum, rana tana dukan gilashi. Muka tsaya a danja kusa da wani kantin katifu. Sai na ji abin ya fara ta hanci. Ta kifa goshi a sitiyari, kafaɗunta suna rawa. Na ce mata ai an gama fim, Abass kuma yana can yana kwashe kujeru.

Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli hular da na manta ban cire ba, ta sake kifewa. Na bayanmu ya danna ham. Da ƙyar ta ja motar, hawaye yana bin kumatunta.

"Baban Rumasa'u," in ji ta, "ba Abass nake yi wa ba. Fuskarka. Lokacin da rubutun nan ya fito ka fara neman ƙofa, ga hula a kai." Ta dafe ƙirji ta kira sunan Allah. "Ban taɓa ganin abin dariya irin wannan ba, tun da na aure ka."

Na daɗe ina jiran wannan jimlar, ko da yake ba a wannan wurin na so ta faɗo ba. Na cire hular na ɗora a gwiwa. Na ce mata wane rubutu, ai lokacin kowa Abass yake kallo.

Ta faɗa min abin da aka rubuta, kalma bayan kalma, har da wurin da aka ce kishi. Ta ce ɗalibanta da suka zauna a layin gabanmu sun karanta shi a bayyane, a hankali, da yatsa a sama, kuma ta ji daɗi don ba wanda ya yi tuntuɓe.

Rubutun ya daɗe a allo. In ban da Hajiya Safura da wasu tsofaffi ƙalilan, duk wanda ya shiga zauren nan ya iya karanta Turanci. Da yawansu ma Mubina ce ta koya musu.